Damin da Aka Daina Kaiwa

Wata biyar allon ofishina ya yi da fili a ƙasansa. Mai rubutun allo ya rubuta sunana da manyan baƙaƙe, ya sa "lauya" a ƙarƙashi, sannan ya tsaya da buroshi a hannu ya tambaye ni wace irin shari'a zai rubuta. Na ce ya bar wurin tukuna. Ya dube ni, ya dubi shagon da na kama a bakin titin Gesse, tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da maganin feshi, ya ce, "To Barista, ran da kas san abin da kaka saidawa, ka aiko a kira ni." Na ji haushin maganar ƙwarai, don gaskiya ce.

Shekara biyar na yi a ƙarƙashin wani babban lauya kafin in buɗe nawa. Mutumin Filato ne, Kirista, gidansa na unguwar Badariya, kuma ya daɗe a Birnin Kebbi har ya fi ni sanin kan garin, ni da aka binne cibiyata a cikinsa. Oga muke ce masa. Ranar da na je sallama ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. Lauyan da ya ce yana yin komai, ba wanda zai tuna da shi ran da ya shiga uku. Ka zaɓi abu guda mutane su san ka da shi." Na ce ai na zaɓa, harkar kamfanoni da kwangila zan yi. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce in faɗa masa kamfani ɗaya a garin nan wanda ya isa ɗaukar lauya kuma ba shi da nasa a Abuja. Ya sa mini albarka na fito.

Abin da nake so a raina shi ne aikin da ba a kuka a cikinsa. Shari'ar laifi na yi ta a hannun Oga, kuma warin ɗakin tsare mutane yakan bi ni har gida. Aure da saki kuwa, mahaifiyata ta ce ba ta yafe ba in na ci abinci da mutuwar auren mutane. Shari'ar zaɓe sai mai uwa a gindin murhu. Abin da ya rage shi ne gona da gado, shi kuma raina shi nake yi. Gidan malamai na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ko "wallahi" ba ta fita daga bakinsa, kuma tun ina ƙarami nake jin manoma a zaurensa suna jayayya a kan iyaka da rabon gado. Don in tsere wa wannan zauren na karanta lauya, na sayi baƙar kwat a garin da zafi ke narka kwalta. Sai na zauna ina jiran kamfanoni, ina rubuta takardar canjin suna da ta hayar ɗaki a Gwadangaji, ina korar ƙuda.

Maƙwabcina mai maganin feshi ne ya shigo mini da tsohon, wata safiya bayan an gama kaka. Ya ce tsohon abokin cinikinsa ne daga wani ƙauye a bayan Argungu, a bakin gulbi. Dogo ne, siriri, rigarsa wankakkiya tas duk da ta sha ɗinki. Na nuna masa kujera ya ƙi, ya cire takalma ya zauna a kan siminti. Dole ni ma na sauko, da kwat ɗina da komai.

Labarinsa ba shi da tsawo. Gonaki biyu ya gada a fadama, babba da ƙarama. Kusan shekara talatin da suka wuce, wani amininsa ya rasa wurin noma, sai ya ba shi aron ƙaramar a ƙofar masallaci, a gaban mutum biyu. A yankinsu akwai al'ada: wanda aka ba aron gona, duk kaka zai ɗauki damin shinkafa ɗaya ya kai gidan mai gona, da rana tsaka, ta tsakiyar gari. Ba haya ba ce, dami ɗaya bai isa komai ba. Ana yi ne don kowa ya gani, kada a manta mai gona. Aminin ya kai shekara huɗu. A ta biyar tsohon ya hango shi tafe da dami a ka, furfura ta fara fito masa, yara na kallo, sai kunya ta kama shi.

"Nic ce mai, haba, bari wanga abu, ni da kai mun zama ɗaya," in ji tsohon. "Shi ke nan yab bari. Ni nis sa shi."

Aminin ya rasu. Bayan wasu shekaru gulbi ya yi ambaliya ya sauya hanya, ya cinye rabin babbar gonar, sauran ya binne ta da yashi. A gidan tsohon akwai 'yarsa da mijinta ya rasu, da 'ya'yanta huɗu. Ya je wurin babban ɗan aminin ya ce yana son gonarsa in an cire amfani. Ɗan ya ce shi gadon ubansa ya sani. Mai gari ya yi ƙoƙarin sulhu, abin ya faskara. Wannan ƙaramar gona ita ce kaɗai abin da ya rage wa mutum shida.

Na karɓi shari'ar, kuma ba zan ce tausayi kaɗai ba ne. Zaman banza ya ishe ni. Na koma gida na kakkaɓe littattafan mahaifina waɗanda na guda, na zauna a kansu.

Matsalar a fili take. A shari'ar Musulunci kamar yadda kotunanmu ke bi, akwai abin da ake kira hauzi: in mutum ya riƙe ƙasa shekara goma ko fiye, yana nomawa, kai kana gari kana gani ba ka ce uffan ba, to ba za ka tashi daga baya ka ce taka ce ba. Sai fa in ka tabbatar cewa aro ka bayar. Damin nan shi ne bakin mai gona, shi ne yake magana a madadinsa duk shekara, kuma tsohon da kansa ya rufe shi. Saura shaidu. Cikin mutum biyun da suka tsaya a ƙofar masallaci ɗaya ya rasu. Ɗayan yana nan, wani tsohon masunci, idonsa ya yi rauni amma kansa garau.

Da na ga haka sai na ji daɗi, don littafi ya ce a sha'anin dukiya shaida ɗaya ya wadatar in mai ƙara ya cika da rantsuwa. Ga shaida, ga mai gaskiya. Na shigar da ƙara a kotun shari'a a Argungu. Sau uku ina zuwa ƙauyen. Na zaga gonar da ƙafa, na ga giginyu biyun da ke iyakarta ta gabas, na ga bututun da ɗan aminin ya haƙa da injin ban ruwa da ya girke, shinkafar rani ta yi kore shar. Na zaunar da masuncin na yi masa tambayoyi ta gaba da ta baya har ya fara ce mini ɗan sanda. Na tambayi tsohon shekara, na tambaye shi wata, na tambaye shi wanda ya yi limanci ranar. Abu ɗaya ne ban tambaye shi ba.

Ana jibi za a zauna na haɗu da Oga a harabar babbar kotu a Birnin Kebbi, na ba shi labari ina ta washe baki. Ya ce, "Ka shirya mutumin naka?" Na ce mai gaskiya ba ya buƙatar shiri. Ya dube ni ta saman tabarau, aka kira shari'arsa ya shige.

Ranar zama kotun ta cika da mutanen ƙauyen. Ɗan aminin ya zo ba lauya. Magidanci ne, bai wuce talatin da 'yan kai ba, hannunsa duk kanta. Na so a ce mugu ne, da aikina ya fi sauƙi, amma sai da ya durƙusa ya gai da tsohon kafin ya tsaya a wurinsa. Ya ce shi ya buɗe ido ya ga ubansa a gonar, bai taɓa ganin an ɗauki dami an kai gidan kowa ba, kuma ubansa bai bar wasiyya ba. Masuncin ya tashi ya ba da shaida tiryan-tiryan, har da kalar rigar da marigayin ya sa ranar. Aka ba ɗan aminin dama ya soki shaidar, ya ce ba shi da abin suka, baban nan ba ya ƙarya, sai dai ko ubansa ya saya daga baya.

Alƙali, wani dattijo mai sanyin murya, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ɗago ya ce mai ƙara ya kawo shaida ɗaya karɓaɓɓe, saura ya cika da rantsuwa. Zai yi alwala a je masallaci, ya rantse da Alƙur'ani cewa aro ya bayar, bai sayar ba, bai kyautar ba. In ya yi, gona tasa ce.

Na juya ina murmushi. Tsohon yana tsaye, kansa a sunkuye.

"Allah shi gahwarta Malam," ya ce, "ba ni rantsuwa."

Na ɗauka bai ji da kyau ba. Na nemi a ba mu ɗan lokaci, na ja shi waje gindin wani dogon yaro. Na yi masa bayani a hankali, na sake yi. Na ce Baba, gaskiya za ka faɗa, abin da ka faɗa mini shi za ka maimaita. Ya ce ya gane sarai.

"To mene ne?"

"Ɗana, ubana bai taɓa aza hannu ga Littahi don abin duniya ba, kakana bai yi ba. Ni da ƙahwata guda ta cikin kabari, ni za ni hwarawa? Don ƙasa? Ƙasag ga da za a turbuɗe ni cikinta?"

Raina ya ɓaci, kuma na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce jikokinsa ba za su ci tsoron Allahnsa su ƙoshi ba. Na ɗaga murya a kan sa'an mahaifina, mutane na kallo. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Gaskiya ta kaf faɗi. Amma da ka tambaye ni tun hwarko, da na hwaɗa maka, da ba mu wahal da mutane ba."

Ni ɗan gidan da ba a faɗin wallahi, ni da na sha ganin dattawa a zauren mahaifina suna barin haƙƙinsu da zarar an ambaci rantsuwa, ni ne na gina shari'a gaba ɗaya a kan rantsuwar tsoho ban tambaye shi ba. Da na sani tun farko, da ban kai ƙara ba. Da na bi ta sulhu, na nemi dattawan da ɗan ke jin nauyinsu, a raba gonar ko a yanka wa tsohon rabi. Kafin a shiga kotu ɗan yana shakka, yana jin kunya, ana iya samun wani abu a hannunsa. Ni na ja su gaban alƙali, inda ba a raba gona biyu don a faranta wa kowa.

Alƙalin ya yi iyakar abin da zai iya. Ya ɗage zama mako biyu. Ya yi wa tsohon nasiha da bakinsa, ya ce rantsuwa a kan gaskiya ba zunubi ba ce, shari'a ce ta ba shi ita. Na je ƙauyen na haɗa shi da limaminsu, liman ya faɗa masa haka. 'Yarsa ta leƙo daga bayan zana tana kuka tana cewa Baba ka dube mu. Ya saurari kowa, ya yi wa kowa godiya. Ranar komawa ya maimaita kalmominsa uku.

In mai ƙara ya noƙe, rantsuwa takan koma kan wanda ake ƙara. Da yake shi magaji ne, abin da aka nema daga gare shi kawai ya rantse cewa bai san da wani aro ba. Na bi su masallacin. Ɗan aminin ya yi alwala, ya rantse. Ba ƙarya ya yi ba, bai sani ba ɗin. Yana ɗan shekara shida ko bakwai aka daina kai dami. Kowa a shari'ar nan gaskiya ya faɗa, aka kori ƙararmu, gona ta tabbata ga ɗan aminin.

Na dawo Birnin Kebbi na rufe ofis kwana uku. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A kwanakin nan duk wanda ya faɗa mini wannan karin magana da mun yi faɗa. Na je wurin Oga ina jiran ya ce ai na faɗa maka. Bai ce ba. Ya ce shi ma sai da ya kashe wa wata mata shari'a kafin ya koyi tambayar mutane abin da ba za su iya yi ba. Ya ce in ina so in ɗaukaka ƙara in gwada, amma in sani babu kuskuren alƙali a ciki.

Duk da haka na shirya takardun ɗaukaka ƙara, don na kasa zama. Na hau mota zuwa Argungu, na hau babur zuwa ƙauyen. Na tarar da tsohon a ƙofar gidansa a kan tabarma, ga masuncin, ga kuma ɗan aminin zaune a gefe yana wasa da tsinke. Tsohon ya yi murna da ganina, ya ce Allah ne ya kawo ni, dama suna shawarar wanda za su aika Birni.

Na fito da takarduna, ya ce in mayar. Ya ce ya je wurin yaron nan ya roƙi aron gefe ɗaya na gonar, daga giginyu zuwa bakin kwatar gulbi, inda zai ishe su ci wata biyar ko shida. Yaron ya yarda.

Na dubi ɗan aminin. Bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce, "Barista, wallahi ba don wulaƙanci ba. Baba ubana na. Amma ni na aza hannu ga Littahi sau guda, ban son ɗiyana su yi. A rubuta, kuma a riƙa kawo dami kamar yadda anka saba."

Abin da ni ma zan shawarci duk wanda ya zo ofishina ke nan. Na juya bayan takardar ɗaukaka ƙarar, na ɗora a kan jakata, na rubuta da Hausa. Na sa sunan ɗan aminin a matsayin mai gona. Na sa sunan tsohon a matsayin mai aro. Na rubuta iyaka, giginyu biyun da tsohon ya nuna mini da kansa ya ce kakansa ne ya bar su. Na rubuta cewa mai aro zai kai dami ɗaya gidan mai gona kowace kaka, da rana. Sau biyu ina tsayawa kamar biro ya ƙi.

Tsohon ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce akwai saura.

"Ƙara muna layi guda. Ka sa, ko mai gona ya ce a bari, kar a bari."

Na ƙara. Na shafa masa tawadar biro a babban yatsa ya dangwala, ɗan ya sa hannu, masuncin ya dangwala a matsayin shaida karo na biyu a kan gona ɗaya.

Washegari na aika a kira mai rubutun allo. Ya zo yana dariya ya ce an samu abin sayarwa ke nan. Na ce ya rubuta shari'ar gona da gado. Ba don ina son aikin ba, har yau ba na son sa. Aiki ne na 'yan uwa da ba sa gaisawa, na aminai da 'ya'yansu suka zama abokan gaba, kuma kukan da na guda kusan kullum sai an yi shi a ofishina. Amma na riga na san inda ramin yake, tunda na jefa mutum a ciki. Yanzu duk wanda ya shigo da maganar gona, kafin in tambayi sunan ƙauyensu nakan tambaye shi ko zai iya rantsuwa. In ya ce a'a, ba ma zuwa kotu, sai mu nemi dattawa. Duk takardar aro da na rubuta tun daga ranar tana ɗauke da layin tsohon, kalma da kalma. Wasu sukan yi dariya in na karanta musu, ni ba na yi.

Ban sake zuwa ƙauyen ba, ban iya ba. Maƙwabcina mai maganin feshi ne ke kawo mini labari. Ya ce da kaka ta yi tsohon ya ɗaura dami da hannunsa, ya ƙi yarda kowa ya ɗaukar masa, ya ɗora a ka ya bi ta tsakiyar gari bayan azahar, lokacin da mutane ke zaune a ƙofar masallaci. Ɗan aminin ya hango shi ya taso da gudu yana cewa Baba don Allah bari, don Allah sauke. Tsohon bai ko dube shi ba, sai da ya kai damin bakin zaurensa ya sauke a inda kowa zai gani.

Kaka biyu ya kai. A ta uku 'yarsa ce ta kai.